Poland: ƙabila ɗaya da addini ɗaya ne sirrinsu?

Sani_Fagge:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Akwai maganar da ta daɗe tana yi mini yawo a rai, ina so masana su sa baki. Ku dubi Poland. Mutum kusan miliyan 38, kusan dukkansu ƙabila ɗaya, harshe ɗaya, addini ɗaya, wato Katolika. Kafin 1989 layin sayen nama da sukari suke yi, yau kuwa tattalin arzikinsu na cikin manya a Tarayyar Turai. Ni a ganina sirrin ba wani abu ba ne illa babu mai tambayar "wane addini yake bi" ko "ɗan wace ƙabila ne" in an zo rabon muƙami. Mu kuwa a nan muke tuntuɓe kullum. Akwai mai ja?

Baban_Khalifa:
Wa alaikumus salam. Babu ja, Malam Sani. Tsintsiya ma sai da maɗauri ɗaya take shara.

Ummi_Lublin:
Yaya Sani, ni ina da ja. A nan nake karatun likitanci, a birnin Lublin da ke gabashin ƙasar. Maganar harshe gaskiya ce, duk inda ka je yare ɗaya za ka ji. Amma "kusan dukkansu Katolika" ya fara zama tsohon labari. A ƙidayar 2011 kusan kashi 88 cikin ɗari ne suka ce su Katolika ne. A ta 2021 sun dawo kashi 71. Shekara goma kacal ke tsakani. Tsohuwar da nake haya a gidanta ko ranar aiki ce sai ta je coci da sassafe, dusar ƙanƙara ba ta hana ta. Jikarta kuwa, wadda muke kusan sa'a da ita, ba ta leƙawa sai Kirsimeti da Ista, shi ma don kada kakar ta yi fushi.

Musa_Ƙididdiga:
Hajiya Ummi, alƙaluman da kika kawo daidai ne, amma akwai ragowarsu. Wannan kashi 16 da wani abu da suka ɓace ba duka suka ce sun bar addini ba. Waɗanda suka fito fili suka ce ba su da addini kusan kashi 7 ne, a 2011 kuwa ba su kai kashi 3 ba. Babban abin shi ne sama da kashi 20 sun ƙi amsa tambayar ɗungurungum, don ba dole ba ce. A 2011 kashi 7 ne suka ƙi. In ka cire masu shirun ka ƙirga waɗanda suka amsa kaɗai, Katolika sun kusa kashi 90. To kowa sai ya ja bargon ɓangarensa: masu goyon bayan coci su ce 90, masu adawa da ita su ce 71.

Sani_Fagge:
To kin ji ko, Ummi? Kashi 90. Maganata tana nan.

Ummi_Lublin:
Yaya, mutumin da ke alfahari da addininsa me zai sa ya ƙi faɗa? Da can ai faɗa suke yi. Mutum ɗaya cikin biyar ya yi gum, wannan shirun ma magana ce.

Musa_Ƙididdiga:
Zai iya zama magana, amma ba mu da hurumin fassara ta yadda muke so. Wani yana ganin ba ruwan gwamnati da imaninsa. Wani ta intanet ya cike takardar, ya ga an ba shi zaɓin tsallakewa ya tsallake. Wani kuma yana fushi da shugabannin coci amma bai bar Allah ba. Ni dai ba zan zuba su duka a kwando ɗaya ba.

Markus_Malumfashi:
Salama gare ku. Ni ɗan Katolika ne, bari in sa baki don abin ya shafi gidanmu. Ba sai mun tsaya kan ƙidayar gwamnati ba, ita cocin Poland da kanta tana da cibiyar ƙididdiga, kuma kowace shekara akwai Lahadi ɗaya da ake ƙirga kawunan waɗanda suka zo sujada a duk majami'un ƙasar. A shekarun 1980 wajen rabin waɗanda zuwa ya wajaba a kansu suna zuwa. A 2019 kusan kashi 37 ne. Bayan korona ya faɗi ƙasa da kashi 30, kuma bai koma inda yake a da ba. Sannan ba ko'ina ɗaya ba. A yankin Tarnow na kudu maso gabas wajen mutum shida cikin goma na zuwa, a yankin Szczecin na arewa maso yamma ko biyu cikin goma ba su cika ba.

Abin na yi mini ciwo, don mu nan mun tashi muna jin Poland a matsayin ƙasar Paparoma John Paul na Biyu. Mahaifina na cikin waɗanda suka je Kaduna a Fabrairun 1982 lokacin da ya zo, har ya rasu yana ba da labarin. Amma gaskiya ɗaya ce: baftisma daban, zuwa coci daban.

Baban_Khalifa:
Malam Markus, kashi 30 ɗin ma ai ba kaɗan ba ne a Turai. Je ka Faransa ko Jamus ka gani.

Markus_Malumfashi:
Haka ne, har yanzu suna gaba da yawancin maƙwabtansu nesa ba kusa ba. Abin tsoron shi ne tazarar da ke tsakanin tsofaffi da matasa. Binciken cibiyar Pew ta Amurka na 2018 ya nuna a cikin ƙasashen da aka duba, babu inda tazarar zuwa wurin ibada tsakanin 'yan ƙasa da shekara 40 da na sama da haka ta kai ta Poland. Tsofaffin nan kuma ba dawwama za su yi ba.

MalamHabu_Zariya:
Na karanta duka, kuma ina ganin an tsallake abin da ya fi muhimmanci a maganar Sani. Ana ta gardamar 71 ko 90, ba a tambayi yadda aka yi ƙasar ta zama haka ba. Sani ya ɗauka haka Allah ya halicce ta. Ba haka ba ne.

Gaskiya ne Kiristanci ya daɗe a can, tun 966 da sarkinsu Mieszko na Ɗaya ya karɓi baftisma. Amma daular da suka kafa tare da Lithuania a 1569 tana cikin mafi gauraya a Turai: Kiristoci 'yan ɗariƙun Katolika, Otodoks da Furotesta, ga Yahudawa, Armeniyawa, har da Musulmi. A 1573 manyan ƙasar suka rattaba hannu a Warsaw cewa ba za a zubar da jini saboda bambancin addini ba, a daidai lokacin da Faransa ke yanka junanta tsakanin Katolika da Furotesta. Tun kafin nan ma Yahudawan da ake kora daga wasu ƙasashe a can suke taruwa.

Ko a ƙidayar 1931, Katolika mabiya Roma wajen kashi 65 ne kawai. Otodoks sun kusa kashi 12, Katolika masu bin tsarin ibadar Gabas wajen kashi 10, Yahudawa ma wajen kashi 10, sama da mutum miliyan 3. A Warsaw kanta kusan mutum ɗaya cikin uku Bayahude ne. Kusan sulusin 'yan ƙasar ba yaren Poland ne harshensu na gida ba.

Sai yaƙin duniya na biyu. 'Yan Nazi na Jamus suka kashe Yahudawan Poland kusan miliyan 3 a sansanoni irin su Treblinka da Auschwitz da kuma a unguwannin da aka killace su. Jimillar 'yan ƙasar da suka mutu ta doshi miliyan 6. Bayan yaƙi, Stalin da ƙawayensa suka ture ƙasar gaba ɗaya zuwa yamma: gabashinta, inda 'yan Yukren da 'yan Belarus suka fi yawa, ya koma Tarayyar Sobiyet tare da biranen Lviv da Vilnius. Aka yanko mata ƙasar Jamus, irin su Wroclaw da Szczecin, aka kori miliyoyin Jamusawa daga ciki. A 1947 aka kwashe 'yan Yukren da 'yan ƙaramar ƙabilar Lemko kusan 140,000 daga kudu maso gabas aka warwatsa su. Yahudawan da suka tsira kuma, kisan da aka yi wa wasunsu a garin Kielce a 1946 ya sa da yawa suka gudu, gwamnatin gurguzu ta ƙarasa korar wasu dubbai a 1968. Ƙasar da ke da mutum wajen miliyan 35 a 1939 ta wayi gari da miliyan 24 a 1946.

To wannan ita ce "ƙabila ɗaya, addini ɗaya" da ake sha'awa. Da kaburbura da jiragen ƙasa cike da korarru aka same ta. Wanda ke yi mana fatan irinta ya fara gaya mana su wa za a kwashe.

Hajiya_Bilki:
Innalillahi. Allah ya tsare mu. Malam Habu, Allah ya ƙara ilimi.

Sani_Fagge:
Allah ya gafarta Malam, ni ban yi wa kowa fatan kisa ba, kada a juya mini magana. Ko ta wace hanya aka kai, sakamakon nake kallo. Yanzu dai ba sa faɗan addini.

Issoufou_Maradi:
Malam Sani, gaisuwa daga Maradi. Mu a Nijar kusan kowa Musulmi ne, fiye ma da yadda Poland take Katolika. Ina arzikin? Somaliya fa? Addini ɗaya, harshe ɗaya, tun 1991 ba su huta ba. In addini ɗaya ke kawo ci gaba, da Mogadishu ta fi Singafo.

Musa_Ƙididdiga:
Kuma a ƙara da cewa Poland ta shiga Tarayyar Turai ranar 1 ga Mayun 2004, kuma shekara da shekaru ita ce ta fi kowace ƙasa cin moriyar kuɗin tallafin ƙungiyar. Hanyoyi, gadoji, tashoshin jirgin ƙasa, duk za ka ga allon da ke nuna kuɗin daga ina ya fito. Ga Jamus a maƙwabtaka tana kafa masana'antu saboda arhar ma'aikata masu ilimi. Wannan bayanin ya fi kusa da hankali.

ƊanWarsaw:
Wai "ba sa faɗa"? Malam Sani, zo ka zauna da su ka sha kallo. Ina aiki a nan Warsaw. Mutanen nan a rabe suke gida biyu, kuma coci na tsakiyar rabuwar. A Oktoban 2020 da kotun tsarin mulki ta ƙara tsaurara dokar zubar da ciki, dubban ɗaruruwa suka fito kan titi, wasu har cikin majami'u suka shiga ana tsakar sujada, abin da a da ko a mafarki ba a yi. Zaɓen shugaban ƙasa na 2025 Nawrocki da kusan kashi 51 ya ci, Trzaskowski na da 49. In ka dubi taswirar zaɓensu, gabas da ƙauyuka launi ɗaya, yamma da manyan birane wani launin. A Janairun 2019 magajin garin Gdansk, Pawel Adamowicz, wuƙa aka caka masa a kan dandamali a gaban jama'a ya mutu. Akwai iyalan da ba a maganar siyasa a teburin Kirsimeti don kada a tashi baram-baram. Ɗan Adam in bai sami baƙon da zai yi faɗa da shi ba, da ɗan'uwansa zai yi.

Gwani_na_Kurna:
Ni tambayata daban. Malam Habu ya ce har da Musulmi a tsohuwar daular. Su wane ne, kuma suna nan har yanzu?

MalamHabu_Zariya:
Suna nan, Gwani, sai dai 'yan dubbai ne. Tatar ake ce musu. Tun ƙarshen ƙarni na 14 suka fara zama a ƙasar Lithuania, a zamanin sarki Vytautas, a matsayin mayaƙan doki. Sun yi yaƙin Grunwald na 1410 a ɓangaren Poland da Lithuania. A 1679 sarki Jan Sobieski ya ba su filaye a madadin albashin da suke bin sa, shi ne asalin zamansu a ƙauyukan Bohoniki da Kruszyniany, kusa da iyakar Belarus ta yau. Har gobe akwai masallatan katako a ƙauyukan biyu, da maƙabartunsu. A 1925 suka kafa ƙungiyarsu ta addini da muftinsu, gwamnati ta amince da ita a dokance a 1936.

Abin da zai ba ka sha'awa a matsayinka na mai allo: tun ƙarnuka da suka wuce harshensu na Tatar ya ɓace, suka koma yaren Poland da na Belarus. Amma da za su rubuta tafsiri da addu'o'i da ƙissoshin annabawa, da haruffan Larabci suka rubuta waɗannan yarukan, har suka ƙirƙiri wasu haruffa don sautukan da babu a Larabci. Ajami ke nan, irin namu.

Gwani_na_Kurna:
Allahu Akbar! Ajami a ƙasar ƙanƙara. Amma tsaya, Sobieski ɗin nan ba shi ne ya karya rundunar Daular Usmaniyya a ƙofar Vienna a 1683 ba? Kana nufin Musulmi na cikin rundunarsa?

MalamHabu_Zariya:
Shi ne, kuma suna ciki. A ɗaya ɓangaren ma akwai Tatar na Kirimiya tare da Turkawa. Kafin nan, a 1672, wasu rundunonin Tatar ɗin Poland sun yi tawaye sun koma wajen Usmaniyya saboda rashin biyan albashi da matsin da aka fara yi wa addininsu. Sobieski ne ya lallaso su suka dawo.

Gwani_na_Kurna:
Wannan kam akwai magana a fiƙihu. Musulmi ya ɗaga takobi a kan Musulmi ƙarƙashin tutar wani sarki?

Baban_Khalifa:
Gwani, Borno da Sakkwato fa? Su wa suka gwabza a zamanin Shehu Laminu? Kada mu buɗe wannan babin, ba za mu rufe ba.

Admin_Rabi:
Don Allah a dawo kan Poland. Mai son muhawarar fiƙihu ya buɗe tasa daban.

ƊanWarsaw:
Bari in ba Gwani labarin yau, tunda Malam ya ba shi na jiya. Musulmi gaba ɗaya a ƙasar nan ko rabin kashi ɗaya cikin ɗari ba mu kai ba, kuma yawancinmu baƙi ne: Larabawa, Turkawa, 'yan Checheniya, ɗalibai, yanzu kuma ma'aikata daga Uzbekistan da Bangaladash sun yi yawa. A Warsaw akwai masallaci a unguwar Ochota da aka buɗe a 2015, akwai wani a Wilanow. Ranar Juma'a in ka makara sai dai ka yi a waje. Gdansk ma na da masallaci mai hasumiya da Tatar suka gina, aka gama a 1990.

Nama ba matsala, ƙasar na fitar da kaji da naman shanu na halal zuwa waje da yawa, kuma shagon kebab ko'ina akwai. Abin dariyar shi ne saurayin da zai yi zanga-zangar ƙin baƙi da rana, da dare a layin kebab za ka same shi. Wahalar ita ce lokaci. A watan Yuni rana kan yi kusan awa 17 a sama, a Disamba kuwa kafin ƙarfe huɗu an yi magariba, Azahar da La'asar da Magariba duk a wurin aiki suke riskarka.

Ƙiyayya akwai, ba zan ɓoye ba. A 2014 an yi wa masallacin Kruszyniany zanen alade a bango. Gwamnatin da ta hau a 2015 ƙememe ta ƙi karɓar kason 'yan gudun hijirar da Tarayyar Turai ta raba. Amma a 2021, da bakin haure suka riƙa mutuwa a dajin iyakar Belarus saboda sanyi, Tatar ɗin Bohoniki ne suka karɓi gawarwakin Musulmin cikinsu suka yi musu sutura a maƙabartarsu. Kuma 'yan Poland Kiristoci na yankin da yawa sun riƙa kai abinci da barguna cikin dajin, duk da hukuma ba ta so.

Ummi_Lublin:
Ni da hijabina nake yawo. Kallo kam ana yi, musamman a ƙananan garuruwa, wani lokacin har da baƙar magana a bas. Amma tsohuwar da na ambata, ranar jajibirin Kirsimeti sai da ta zaunar da ni a teburinsu. Al'adarsu ce su bar kujera ɗaya da faranti babu kowa saboda baƙon da zai iya ƙwanƙwasa ƙofa, kuma a daren ba a cin nama sai kifi, don haka ban sha wahalar zaɓe ba. Jikar da ba ta zuwa coci ita ce ta fi kowa dagewa a yi komai yadda aka gada. Haka ranar 1 ga Nuwamba, duk ƙasar ke tafiya maƙabarta da kyandir, mai imani da marar imani. Shi ya sa lissafin nan ke da wuya. Wace rana za ka ƙirga su, Lahadi ko ranar kaburbura?

Abba_Barca:
Ni abin da na sani game da Poland biyu ne: Lewandowski, da kuma 1-0 da muka ba su a Wroclaw a 2018, fenaretin Victor Moses 😂

Baban_Khalifa:
Yaro ne kai. Ka tambayi manya labarin Emmanuel Olisadebe, ɗan Najeriyar da ya ci musu ƙwallayen da suka kai su gasar cin kofin duniya ta 2002. Har ɗan majalisa ɗan asalin Najeriya sun yi, John Godson, daga birnin Lodz, a 2010.

Markus_Malumfashi:
In koma kan tambayar Ummi. Dalilin da ya sa Katolika ta shiga jininsu haka, ko ga wanda ba ya sujada, shi ne shekara 123 babu ƙasar Poland a taswira. Daga 1795 zuwa 1918 Rasha da Prussia (daular Jamusawa) da Ostiriya sun raba ta. Rasha Otodoks ce, Prussia Furotesta, don haka coci ta zama wurin da ake ajiye harshe da tarihi. Zamanin gurguzu ma haka. An tsare shugaban cocin ƙasar, Kadinal Wyszynski, daga 1953 zuwa 1956. A 1978 aka zaɓi Karol Wojtyla na Krakow Paparoma, ya zo gida a Yunin 1979 miliyoyi suka fito, shekara guda bayan haka ƙungiyar ƙwadago ta Lech Walesa ta tashi a Gdansk. A 1984 jami'an tsaro suka kashe Fada Jerzy Popieluszko. A lokacin zuwa coci ma wata hanya ce ta nuna wa gwamnati ba ka tare da ita.

Bayan 1989 sai coci ta koma kusa da masu mulki. Aka mayar da darasin addini makarantun gwamnati a 1990, aka hana yawancin shaguna buɗewa ranar Lahadi daga 2018, wasu limamai suka riƙa nuna wa mutane jam'iyyar da za su zaɓa daga kan mumbari. Ga badaƙalar lalata da yara da aka daɗe ana rufewa. Matashin da bai ga zamanin gurguzu ba, wannan cocin kaɗai ya sani. A ganina abin da danniya ta kasa yi mata, kusanci da gwamnati ya yi.

Gwani_na_Kurna:
Wannan maganar ta ƙarshe, Malam Markus, ba ku kaɗai ta shafa ba. Na yi shiru.

Hajiya_Bilki:
Ni abin da ya ɗaure mini kai, an ce Katolika ba ta yarda da maganin hana haihuwa ba, an ce kuma dokar zubar da cikinsu na cikin mafi tsauri a Turai. To me ya sa nake jin wai yawansu raguwa yake yi?

Musa_Ƙididdiga:
Raguwa yake yi kuwa, Hajiya. A farkon shekarun 1980 ana haifar yara sama da 700,000 a shekara. A 2023 kimanin 272,000 aka haifa, a 2024 ya sake sauka zuwa wajen 250,000, alhali masu mutuwa sun haura 400,000. Matsakaicin haihuwar mace ɗaya bai kai 1.2 ba, kuma ana buƙatar 2.1 kafin al'umma ta tsaya yadda take. Gwamnati ta fara biyan zloty 500 na kuɗin ƙasar kan kowane yaro duk wata a 2016, da farko daga yaro na biyu, daga baya kowane yaro, ta mayar da shi 800 a 2024. Haihuwa ta ɗan motsa a farko ta sake zubewa. Ga kuma wajen mutum miliyan 2 da suka fita aiki Birtaniya da Jamus da Ireland da sauransu bayan 2004, yawancinsu matasa masu shekarun haihuwa. Birnin Lodz ya taɓa haura mutum 800,000, yanzu yana wajen 650,000.

Hajiya_Bilki:
A biya ka kuɗi don ka haihu, ka ƙi! Ikon Allah. A kawo tsarin nan unguwarmu a ga aiki.

Issoufou_Maradi:
Hajiya, a Maradi baitulmalin zai ƙare kafin azahar 😄

Ummi_Lublin:
Mama Bilki, in kin ji bayanin matan sai kin tausaya. Gidan haya ɗaki biyu ya cinye rabin albashi, miji da mata duk suna aiki, kaka tana wani gari, babu ƙanwa ko 'yar riƙo da za ta kama miki. Wasu kuma sun ce tun hukuncin 2020 suke tsoron ɗaukar ciki, kada matsala ta taso likita ya tsaya jan ƙafa saboda tsoron doka.

ƊanWarsaw:
Kuma wannan ne zai rushe lissafin Malam Sani nan gaba. Masana'antu na neman hannu, dole a shigo da baƙi. Tun kafin yaƙin Rasha da Yukren, 'yan Yukren sun cika wuraren aiki, bayan Fabrairun 2022 miliyoyi suka tsallako, har da ɗalibanmu da suka biyo ta iyakar Medyka, kuma kusan miliyan ɗaya sun zauna da takardar kariya. Yawancinsu Otodoks ne ko Katolikan Gabas. Ƙidayar 2021 ta nuna Otodoks wajen 150,000 ne kawai, galibi a yankin Bialystok da Hajnowka, amma an yi ta ne kafin wannan ambaliyar. Direban tasi a Warsaw yau zai iya zama ɗan Jojiya ko Uzbekistan, mai kawo abinci ɗan Indiya ko Nepal.

MalamHabu_Zariya:
Ko a cikin 'yan ƙasar ma ba a rasa 'yan tsiraru ba. Sama da rabin miliyan sun rubuta kansu 'yan Silesia a 2021, ga Kashubawa kusa da Gdansk masu yarensu, ga Jamusawan yankin Opole. Garin Wisla na kudu Furotesta mabiya Luther ne suka fi yawa, kuma Jerzy Buzek da ya yi firaminista daga 1997 zuwa 2001 ɗan wannan ɗariƙar ne. Shaidun Jehobah ma sun haura 100,000.

Sani_Fagge:
Na ji duka, kuma na ƙaru, musamman da tarihin da Malam Habu ya kawo. Amma har yanzu ban sauka gaba ɗaya ba. Faɗan da ƊanWarsaw ya lissafa faɗan ra'ayi ne, mutum na iya sauya ra'ayi gobe. Namu na jini ne da suna. Kuma ku lura da wani abu: su sun iya tambayar mutanensu addininsu a ƙidaya, aka buga sakamakon, coci ta ji ba daɗi, aka wuce wurin. Mu ƙidayar 2006 ko tambayar addini da ƙabila ba a saka ba don tsoron abin da zai biyo baya. Wannan ba ya nuna suna da wani kwanciyar hankali da mu ba mu da shi?

Musa_Ƙididdiga:
Nan kam ka taɓo wani abu. Rabon da a fitar da alƙaluman addini daga ƙidaya a Najeriya tun ta 1963. Sai dai ni ina ganin bambancin ba daga yawan addinai yake ba, daga abin da ake rabawa da lambar ne. A Poland ko Katolika sun zama kashi 60 ba a rage wa wata jiha kaso ko kujerun majalisa. Ghana ma tana da Musulmi da Kirista da ƙabilu barkatai, kuma tana tambayar addini a ƙidayarta lafiya lau.

Issoufou_Maradi:
Har yanzu dai ba a ba ni amsar Somaliya ba, Malam Sani.

Sani_Fagge:
Somaliya ai dangi-dangi ne suka raba su, Malam Issoufou, shi ma wani nau'in ƙabilanci ne. Hujjata ce ma ka ƙarfafa.

Issoufou_Maradi:
To ashe ko an zama ɗaya sai an nemo abin rabuwa. Hujjar ƊanWarsaw ka ƙarfafa, ba taka ba.

Abba_Barca:
Anti Ummi, tambaya ta gefe don Allah. Karatun likitancin nan da Turanci ake yi ko sai an koyi yarensu? Kuma nawa ne kuɗin makaranta?

Ummi_Lublin:
Akwai sashen Turanci, amma in ka fara shiga asibiti dole ka koyi yaren, don tsofaffin marasa lafiya ba sa jin komai sai shi. Maganar kuɗi ka duba shafin jami'ar da kake so kai tsaye, yana sauyawa, kuma ka yi hankali da dillalan biza.